Sunan Baban Khem

Erie, Amurka
Satumba 2010

Zuwa ga ƙanwar maigidana, Damanta,

Auta, ina gaishe ki da hannu biyu. Ina fatan ƙafar nan taki ta daina kumbura, kuma ruwan bana bai shigo muku bukka ba. Ki gaishe mini da mutanen sansanin gudun hijira na Beldangi duka, har da matar nan mai satar mana itace. Mu nan lafiya lau. Ɗanmu Khem yana aiki a masana'antar roba, matarsa Sabitra kuma tana wankin zannuwan gado a wani otal daga tsakar rana.

Dajunki, yayan nan naki, yana ci yana sha, jiki ba laifi. Kan ne dai yake ƙara tafiya. Shekaranjiya ya tsaya a taga yana kallon motoci, ya juyo ya tambaye ni wa ya bar shanu suka shiga gonar lemo. Kusan shekara ashirin da aka kore mu daga gonar nan a Butan, amma shi yana can. Na ce masa na kore su. Ya ce madalla, ya zauna.

Yanzu ki zauna da kyau kada dariya ta kayar da ke: Baujunki, matar yayanki, ta shiga makarantar Turanci. Khem ne ya matsa. Ya ce, "Ama, idan wani abu ya sami Baba muna wurin aiki, wa zai yi magana? Bango?" Sai na ɗauki jaka. Da safe nake zuwa, lokacin Sabitra tana gida tana lura da shi. A ƙarƙashin wani coci ake yi, mu tsofaffi ne duka. Akwai wani dattijo Basomale da yake barci da fensir a hannu, da wata mata 'yar Iraƙi da ta ce a ƙasarsu ita ke ba da magani a asibiti, ga ta nan tana koyon sunan cokali tare da ni. Malamarmu Rut, farar tsohuwa mai wando, idan ta yi dariya har haƙoran ciki kina gani.

Na iya ruwa, na iya zafi da sanyi, na iya ranakun mako da sassan jiki. Na iya "nawa ne", sai dai idan mai kanti ya amsa ba na jin komai. Kin tuna yadda muka koyi rubutun yarenmu ni da ke a rumfar manya ta sansani, kina cewa kaina kamar kabewa? To kabewar ce dai, ba ta sake ba.

Abin da ya dame ni shi ne tambaya ta uku. Ta farko, mene ne sunanki. Ta biyu, ina kike zaune. Ta uku, mene ne sunan mijinki. Auta, matan nan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa jefo sunayen mazajensu kamar masu lissafa kayan miya. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai. Malama ta ɗauka ban ji ba, ta ɗaga murya. Ta ɗauka ban gane ba, ta ja kalmomin a hankali kamar mai ba jariri kunu. Na gane sarai. Amma da wane baki zan gaya mata cewa a wurinmu macen da ta kira sunan mijinta kwanansa take ragewa? Turancina bai kai nan ba, ya tsaya a kan albasa da Laraba. Makonni ta bar ni a shafi ɗaya, har Basomalen mai barci ya wuce ni.

Amma an sami mafita. Yanzu duk ajin sun san sunansa, daga wurina suka samu, Malama har ta tafa mini.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Na san ba za ki yi ba.

Baujunki,
Narbada

*

Beldangi, Nepal
Nuwamba 2010

Zuwa ga matar yayana,

Bauju, na taɓa ƙafafunki. Muna nan da rai. Ƙafa ta yi sauƙi, ruwa ya shigo ta kusurwar murhu amma mun toshe. An rage mana shinkafar rabo, giwa kuma ta rushe bukkoki a gefen daji. Gaisuwa ke nan, sai magana.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka ko idona ne. "Daga wurina suka samu." Har da tafi! Bauju, ke ce kuwa? Ke da kika yi shekara arba'in kina cewa baban Khem, kafin a haifi Khem ma "kai, ji mana" kike ce masa, yau wata tsohuwa mai wando ta buɗe miki baki da tafi?

Kin manta uwarmu? Ranar da ma'aikacin ƙidaya ya zo ƙauye da 'yan sanda, ya buga tebur ya ce sai ta faɗi sunan Baba, ta tsaya kamar turmi har ya gaji ya aika a kira wani. A gabanki aka yi, kina amarya.

Bikin Tihar ya zo ya wuce. Tun ina yarinya ban taɓa fashin ranar 'yan'uwa maza ba sai bana. Na haɗa launuka bakwai kamar kullum, na saƙa masa zaren furanni, na fasa gyaɗar dutse a bakin ƙofa don mutuwa ta kauce masa. Sannan na rasa goshin da zan shafa wa. Hotonsa na katin rabo na shafa wa, har launin ya ɓata masa fuska. Na yi kuka har maƙwabta suka leƙo.

Abu biyu ne suka riƙe Daju har ya kai yau, hannuna a goshinsa da bakinki a rufe. Jirgi ya raba shi da na farko. Na biyun ke kika miƙa da kanki, don ki wuce shafi. Mutumin da kansa ya riga ya fara tafiya, shi za ki rage wa kwana?

Kuma ina tambaya, shekara sittin saura kaɗan, me za ki zama? Lauya? Kina can ƙarƙashin coci kina koyon sunan cokali, kin bar shi a hannun yarinyar da ba ta san yawan gishirin da yake so a miyarsa ba. Idan ina da wata ƙima a wurinki, ki bar makarantar nan ki zauna da mijinki. Yara su yi Turancinsu, su aka kai don shi.

Ki shafa mini kansa.

Damanta

*

Erie
Disamba 2010

Auta,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sai sanyi. Ƙanƙara ta sauko har gwiwa, iskar tafkin da ke gefen garin kuma tana shiga ƙashi.

Ban faɗa ba. Kin ji? Ban faɗa ba. Khem ne ya rubuta sunan a wani ɗan kati, na kai aji na miƙa wa Malama, ita ta karanta da bakinta. Abin da ya faru ke nan. Da kin tambaye ni kafin ki wanke ni tas, da na gaya miki. Shekara arba'in da ɗaya kin san ni, amma layi ɗaya ya ishe ki ki yanke mini hukunci. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Duk da haka kin samu yadda kike so. Na bar makaranta. An mayar da Sabitra aikin safe, to wa zai zauna da shi? Khem ya ce zai nemi wata dabara, na ce ya bari. Wasiƙarki ta zauna mini a ƙirji, ko na je ajin ba abin da zai shiga. A makon da na bari za a fara koyon yadda ake kiran neman taimako ta waya, da abin da ake faɗa idan an ɗauka. Malama Rut ta zo har ƙofa da wani burodi mai zaƙi, ta yi magana mai tsawo da damuwa a fuskarta. Na ba ta abin da nake da shi: ina lafiya, na gode. Ta ajiye burodin ta tafi.

Dajunki ya daina amsa baban Khem. Idan na kira shi haka sai ya waiga bayansa ya ga da wa nake. Rannan Khem ya durƙusa yana sa masa safa, ya dube ni ya ce, "Wannan yaron na wane gida ne? Yana da kirki." Khem ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada mu ji.

Ya fara neman ƙofa. Sau biyu ina kama shi a kan matakala, ya ce magariba ta yi, shanu suna tudu. Na ɗauki katin nan daga jakata na maƙala masa da fil a cikin rigar sanyinsa, tunda ni ba ni da sauran amfani da shi. Khem ya ƙara adireshinmu a ƙasa.

Na shafa miki kansa. Ya tambayi ko kin dawo daga rafi.

Narbada

*

Beldangi
Janairu 2011

Bauju,

Na taɓa ƙafafunki, wannan karon da goshina. Muna lafiya, hazo ne kawai ya hana wanki bushewa.

Na karanta. Kunya ta hana ni fita ɗibar ruwa ranar. Kin san bakina, ya fi ƙafata sauri tun tana da lafiya. Ki yafe mini. Amma ke ma, wa ke rubuta magana rabi-rabi a aika ta ƙetaren teku?

Bari in ba ki dariya. An kira mu ganawa a garin Damak, wai Ostareliya za a kai mu ni da 'yata. Baturen da ke ganawar ya tambaya ta bakin tafinta, mene ne sunan marigayi mijinki. Bauju, mutumin da ya shekara tara da ƙona gawarsa ta zama toka, amma harshena ya ƙi motsi. Na kalli rufi, na kalli fanka. 'Yata ce ta faɗa, tana zungurina da gwiwar hannu. A hanyar dawowa na ce a raina, ashe haka Bauju ta sha, ita kullum, kuma ba 'ya a gefenta.

Ki koma makarantar. Ni na ce ki bari, ni nake cewa ki koma. Ki tafi da Daju in ya kama, ki zaunar da shi kusa da Basomalen su yi barci tare. Maganar ƙofar nan ta hana ni sukuni. Ki koyi kiran wayar, ki koyi duk abin da ake faɗa idan mutum ya ɓace ko ya faɗi. Sunan kawai ki riƙe, katin ya isa. Ai kin ga dabarar ta yi.

Na saƙa masa hular ulu, zan ba ɗan gidan Timsina da za su tashi zuwa garinku wata mai zuwa. Ja ce, don ki hango shi daga nesa.

Ki rubuto da wuri, kada ki rama da shiru.

Autarku,
Damanta

*

Erie
Maris 2011

Auta,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Khem ya koma aiki, gashin kansa da aka aske don makoki ya fara tsirowa. Sabitra tana ƙoƙari.

Khem ya gaya miki ta waya cewa sanyi ne ya shiga huhun Dajunki. Gaskiya ne. Amma a shagon waya na Damak kike, mutane a kanki, shi kuma ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Ni nake wurin. Wasiƙarki ta iso muna cikin zaman makoki, an riga an fasa mini awarwaro an wanke jan goshina kamar yadda ake yi wa mai takaba. Sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Bayan abincin rana ne. Ya ɓata wandonsa, na shiga banɗaki ina wankewa, famfo yana zuba. Da na fito ƙofa a buɗe, rigar sanyinsa ba ta kan ƙusa, takalmansa kuwa suna nan. Da silifas ya fita.

Na sauka da gudu. Ƙanƙara tana zuba, ta rufe sawu. Na bi layinmu ina kiran baban Khem, na zagaya bayan kanti, na dawo. Na kira wayar Khem, tana kulle a akwatin ma'aikata. Ta Sabitra ma haka. Sai na buga ƙofar Darlin, baƙar matar da ke ƙasanmu, wadda ban taɓa ce mata komai ba sai barka da safiya. Na zube mata duk abin da nake da shi. Miji. Tsoho. Tafi. Sanyi. Na nuna kaina na juya yatsa. Ta gane nan take, ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda.

Tana cikin magana ta juyo ta yi mini tambaya ta uku.

Auta, a duk Turancin duniya ba jimlar da na sani kamar wannan. Na laluba jakata, sai na tuna katin yana jikinsa. Takardunmu suna akwatin Khem a kulle. Tsofaffin namu da ke unguwar daga wasu sansanoni suka zo, ba wanda ya san shi da wani suna sai baban Khem. Darlin ta dafa ƙirjinta ta ce Darlin, ta dafa nawa ta ce Narbada, ta nuna titi ta jira. Ta ɗauka ban gane ba. Na tsaya kamar uwarku a gaban mai ƙidaya.

'Yan sanda suka zo, mace da namiji. Na ba su launin rigarsa, na ba su tsawonsa da hannu. Suka zagaya suka dawo ba shi. Macen ta riƙe hannuna ta yi magana da ƙananan kalmomi irin na Malama Rut. Mu kira. Shi ji. Shi zo. Suna? Na ce baban Khem. Suka fita suna kiran haka ta lasifikar mota, ni kuwa na san ba zai waiga ba. Na sani, na bar su suka tafi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga hasken rana ya fara ja baya, na ga Darlin ta daina kallona tana kallon taga. Na tuna silifas ɗin. Da suka dawo karo na biyu ban jira tambaya ba. Na miƙe na faɗi jimlar cikakkiya, yadda ake yi a aji, ba kuskure ko ɗaya. Sunan mijina Loknat.

Ga shi na rubuta miki ma.

Suka sa ni a motar. Ɗan sandan ya riƙa kira, amma a bakinsa sunan ya zama wani abu dabam, ko ni ban gane shi ba. Muka bi layi biyu haka. Sai macen ta karɓe abin maganar ta miƙo mini baya.

Na kira shi, Auta. Ba a kunne ba, ba a ɗaki ba. Muryata ta fita ta kan rufin mota ta cika unguwa, ta bugi gidaje ta dawo mini. Na ga labule yana motsi a gidajen mutanenmu. Na kira, na sake kira, yadda ake kiran yaro daga tudu.

Kusa da layin dogo akwai wani fili da aka zagaye da waya, ana tara tsofaffin katakai. Sun wuce wurin sau biyu. Daga bayan katakan muka ji shi, da ƙaramar murya: "Na'am, Ama! Ina zuwa. Saura jar saniyar."

Yana tsugune, ƙafa ɗaya ba silifas, gemunsa duk ƙanƙara. Na rungume shi, ya dube ni bai san ni ba. Yana ta leƙen bayana yana neman wadda ta kira shi. Shekara arba'in da ɗaya ina ɓoye sunan nan don ya daɗe, ranar da na kira shi kuma uwarsa ya amsa wa.

A asibiti bai ƙara magana ba. Likita ya yi wa Khem bayani mai tsawo, ni kalma biyu na tsinta a ciki, sanyi da daɗewa. Kafin mako ya zagayo ya tafi.

Matan unguwa sun zo zaman makoki, sun kawo 'ya'yan itace, sun zauna nesa da ni. Ba wadda ta ce komai a gabana. A matakala na ji matar Adhikari tana cewa, "Da kunnena na ji, har sau biyar. Me ake jira kuma?" Darlin kuwa ta rungume ni tana kuka, tana maimaita wata magana da Sabitra ta fassara mini daga baya, wai ni na cece shi. Malama Rut ta zo ita ma. Sabitra ta yi mata bayanin tambaya ta uku, abin da na kasa yi tun Satumba. Matar nan ta rufe bakinta da hannu, ta zauna a ƙasa da wandonta.

To ga abin da nake so ki gaya mini, ke da kika san shi kafin ni. Mutanenmu sun ce na kashe shi da na faɗa. Likita ya ce daɗewar ce, ni kuma na san wa ya sa aka daɗe. Ta ko'ina na juya ni ce. Kada ki lallashe ni, ba halinki ba ne, kuma zan gane.

Hular ta iso, ɗan gidan Timsina ya kawo. Ja ce sosai, da an hango ta daga nesa. Na rataye ta a ƙusar rigarsa.

Na koma aji ranar Litinin. Sun yi nisa, an mayar da ni shafin farko tare da sababbin zuwa. Malama tana bin layi da tambayoyinta, da ta zo kaina ta yi ta farko, ta yi ta biyu, ta tsallake ta uku ta wuce. Na ɗaga hannu na ce ta dawo. Na amsa mata. Yanzu kullum da safe ina faɗinsa kafin in ɗora shayi, ni kaɗai a kicin. Ba sauran abin da zan rage masa.

Baujunki,
Narbada